WAƘAR MURYA DA FIYANO TA JAMUSAWA: TARIHINTA DA BASHIN DA TA TUNA MINI



Ran nan editan wannan mujalla tamu ya ritsa ni a bakin Titin Kotu, nan Gyaɗi-Gyaɗi, ina jiran mai faci, ya ce bana ba ni da mafita sai na kawo rubutu. Da na gaya masa abin da zan yi magana a kai, watau tarihin wata irin waƙa ta Jamusawa wadda mutum ɗaya ke rerawa, mutum ɗaya na kaɗa masa fiyano, sai ya riƙe ciki yana dariya. Ya ce, "Kai da ko taken ƙasa ba ka iya ja daidai a wurin asambuli, me ya haɗa ka da waƙar Jamus?" Gaskiyarsa kuwa. Ni ba makaɗi ba ne, ba ɗan makaɗa ba. Tarihi na karanta a jami'a, yau ga ni tsundum cikin fayil-fayil na gwamnati. Amma masu iya magana sun ce tafiya mabuɗin ilmi. Abin da na gani a can ya sa ni karance-karance, abin da na karanta kuma ya dawo da ni kan bencin ajinmu, ya tuna mini wani bashi da ke wuyanmu duka.

DAREN DA NA YI TAFI NI KAƊAI

A ƙarshen shekarar 2019 ma'aikatarmu ta tura mu, mu uku, wani kwas na mako shida a Balin, babban birnin Jamus. Sanyin da muke kuka da shi a nan lokacin hunturu wasan yara ne. Ƙarfe 4 na yamma gari ya riga ya yi duhu. Wata rana wani dattijo daga cikin masu koyar da mu ya miƙo mini tikiti, ya ce matarsa ba ta jin daɗi, in ina so in raka shi sauraron waƙa. Na ce a raina, to, yau za a sha kiɗa.

Da muka shiga sai na ga wani ɗan madaidaicin zaure, mutane zaune tsit kamar ana jiran alƙali. A kan dandamali babu komai sai wata ƙatuwar fiyano baƙa, an ɗan ɗaga murfinta. Babu lasifika, babu sanƙira, babu 'yan amshi. Can sai mutum biyu suka fito cikin baƙar kwat, ɗaya ya zauna gaban fiyano, ɗaya ya tsaya a jikinta. An ba kowa ɗan littafi mai ɗauke da baitocin da za a rera, da Jamusanci da fassararsu cikin Ingilishi.

Aka rera waƙa ta farko, ta yi mini daɗi, ta ƙare. Ni kuwa, don in nuna ni ɗan gidan mutunci ne, sai na ɗaga hannu na shiga tafi raf, raf, raf. Jama'a, ni kaɗai nake yi! Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige. Wata tsohuwa da ke gefena ta taɓa hannuna a hankali, ta yi murmushi, ta nuna mini littafin. Ashe waƙoƙi 24 ne a jere, labari ɗaya suke bayarwa, kuma ba a tafi sai an kai ƙarshe.

Sunan wannan jerin waƙoƙi Winterreise, watau Tafiyar Hunturu. Labarin wani saurayi ne da aka hana shi wadda yake so, ya fice daga garin cikin dare, cikin ƙanƙara, bai san inda ya nufa ba. Ya wuce bishiyar da yakan zauna ƙarƙashinta, hankaka ya bi shi yana shawagi, ya isa maƙabarta ya ɗauke ta masauki amma ya ga babu wurinsa. A waƙar ƙarshe ya tarar da wani tsohon almajiri a bayan gari, ƙafa ba takalmi a kan ƙanƙara, yana juya wani ɗan abin kiɗa, ƙoƙon bararsa wayam, ba mai sauraronsa sai karnuka da ke masa gurnani. A nan fiyanon ba ta yin komai sai maimaita sauti biyu a ƙasa-ƙasa, kamar yadda mai gurmi ke riƙe tsirkiya. Da aka gama, bayan fiye da awa ɗaya, sai zauren ya yi shiru. Na ƙirga numfashina ya kai goma kafin wani ya fara tafi. A cikin shirun nan ne na ji muryar Malaminmu na Hausa. Zan dawo kan wannan.

MECE CE WANNAN WAƘA?

Da Jamusanci kalmar Lied ma'anarta waƙa kawai, jam'inta Lieder. Amma a wajen masana kiɗa, in an ce haka ana nufin rubutacciyar waƙa ta wani sha'iri, wadda wani gwanin tsara sauti ya ɗauka ya ɗora mata kari, ya rubuta abin da murya za ta yi da abin da fiyano za ta yi. Ke nan hannu uku ne a cikinta: mai baiti, mai ɗora kari, da masu gabatarwa. Sau da yawa mai baitin bai ma san mai ɗora karin ba. Kuma saboda an rubuta sautin a takarda, da layuka biyar da ɗige-ɗige irin nasu, wanda aka haifa bayan shekara 200 zai iya buɗe littafi ya rera yadda mai ita ya so.

Ita fiyanon da nake magana ba irin ta lantarki ba ce da muke gani a situdiyo-situdiyon Titin Gidan Zu. Wannan akwati ce ta katako mai ɗauke da tsirkiyoyin ƙarfe fiye da 200, da madannai 88, farare 52 baƙaƙe 36. In ka danna ɗaya, wata 'yar guduma mai laushin kai ce ke tashi ta bugi tsirkiya. Ka danna a hankali ta yi raɗa, ka danna da ƙarfi ta yi tsawa. Wani mutumin Italiya mai suna Bartolomeo Cristofori ne ya ƙirƙiro ta wajen shekarar 1700. Wannan iya raɗa da tsawa shi ne ya ba ta damar zama abokiyar hirar murya, ba 'yar rakiya kawai ba.

ƊAN MALAMIN MAKARANTA

Manyan makaɗa irin su Mozart da Beethoven sun yi irin waɗannan waƙoƙi, amma wanda ya ɗaga darajarsu shi ne Franz Schubert, a bakinmu Shubat. An haife shi a Biyana, babban birnin Ostiriya, ranar 31 ga Janairu 1797. Malamanmu za su so jin wannan: mahaifinsa hedimasta ne na wata 'yar firamare, shi ma kansa ya riƙe alli a makarantar uban, yana koyar da 'yan ƙaramin aji. A 1808, saboda zaƙin muryarsa, aka ɗauke shi makarantar kwana ta gwamnati inda ake renon yaran da ke waƙa a majami'ar fadar sarki, ya zauna har 1813.

Ranar 19 ga Oktoba 1814, yana ɗan shekara 17, ya ɗauki wasu baitoci na babban sha'irinsu Goethe, watau Gote, waɗanda ke nuna wata budurwa tana kaɗi tana tunanin masoyinta. Sai ya sa fiyano ta riƙa juyi kamar keken kaɗin. Da tunanin ya kai mata iya wuya, keken ya tsaya cik, sannan ya sake tashi da ƙyar, yana cijewa. Ba a faɗi haka cikin baiti ba, fiyano ce ta faɗa. Masana da yawa na ɗaukar wannan rana a matsayin mafarin sabon salon.

A 1815 kaɗai, yana fama da 'yan aji, ya tsara waƙoƙi kimanin 140. Cikinsu akwai Erlkönig, wadda za mu iya kira Sarkin Aljanu. Uba ne ya ɗauko ɗansa marar lafiya a kan doki cikin dare. Yaron na cewa ga aljani na kiransa, uban na cewa hazo ne kawai da iska. Mawaƙi ɗaya ke yin murya huɗu: mai ba da labari, uba, yaro da aljani, fiyano kuwa tana sukuwar doki ba tsayawa. Da suka isa gida dokin ya tsaya, yaron ya riga ya cika. Duk wanda ya taɓa rungumar yaro cikin dare ya nufi asibiti a kan babur ba ya bukatar tafinta.

ABOKAN MAKARANTA

A nan ne tarihin ya shafe mu kai tsaye a matsayinmu na ƙungiya. Shubat ba shi da uban gida, ba shi da albashin fada, kuma mutum ne mai kunya. Waɗanda suka riƙe shi su ne abokansa, da yawansu kuwa tun daga makarantar kwana aka san juna. Babba a cikinsu shi ne Josef von Spaun, wanda ya girme shi da shekara 8. Tun suna makaranta, da ya ga yaron ba shi da kuɗin sayen takardar rubutun kiɗa, shi ya riƙa samo masa. Wani ɗan makarantarsu, Albert Stadler, ya riƙa kwafe waƙoƙin da hannu yana adanawa. Daga baya Spaun ya zama ma'aikacin gwamnati kamar mu. Haka ma Johann Mayrhofer, wanda Shubat ya ɗora wa baitocinsa fiye da 40 kari, ma'aikaci ne a ofishin tace littattafai.

A 1816 Spaun ya tattara waƙoƙin da Shubat ya yi kan baitocin Gote, ya aika wa babban sha'irin da wasiƙar ladabi. Aka dawo da ƙunshin ba ko kalma ɗaya. Abokan ba su karaya ba. A 1817 suka haɗa shi da wani shahararren mawaƙin fada, Johann Michael Vogl, wanda ya zama mai rera waƙoƙinsa. A 1821, da kamfanonin ɗab'i suka yi ta jan ƙafa, abokan ne suka ɗauki nauyi aka buga Sarkin Aljanu, ta zama aikinsa na farko mai lamba.

To, a ina ake rera waɗannan waƙoƙi? A ɗakunan mutane. Bayan yaƙe-yaƙen Napoleon da taron Biyana na 1814 zuwa 1815, gwamnatin Metternich ta baza 'yan leƙen asiri, ta matsa wa jaridu da tarurruka, musamman na ɗalibai. Mutane suka koma cikin gidajensu. Akawuna da malamai da lauyoyi suka shiga sayen fiyano suna ajiyewa a falo. Da dare sai a taru, mutum ashirin ko talatin, Shubat na kaɗawa, Vogl na rerawa, a karanta littafi, a ci abinci. Har suna suka raɗa wa irin wannan zama, Schubertiade, watau daren Shubat. Ko a gidan ma ba a tsira ba. A 1820 'yan sanda suka kama Shubat tare da wasu abokai, shi aka sake shi, amma ɗan makarantarsu Johann Senn ya yi fiye da shekara a tsare, sannan aka kore shi daga Biyana.

Tafiyar Hunturu kuwa a 1827 ya tsara ta, kan baitocin Wilhelm Müller, yana fama da rashin lafiya. Spaun ya ba da labarin cewa ranar da ya fara rera musu ita, duk jikinsu ya yi sanyi saboda nauyin baƙin cikin da ke ciki. Sau ɗaya tak a rayuwarsa Shubat ya shirya taron jama'a na ayyukansa zalla, ranar 26 ga Maris 1828. Ya rasu ranar 19 ga Nuwamba na wannan shekara yana da shekara 31, ya bar waƙoƙi fiye da 600. Da yawa daga cikinmu mun riga mun wuce shekarunsa.

DAGA ƊAKI ZUWA DANDALI

Bayansa wasu suka ɗora. Robert Schumann, ko Shuman, ya tsara waƙoƙi fiye da 130 a shekarar 1840 kaɗai, shekarar da kotu ta ba shi izinin auren Clara Wieck bayan mahaifinta ya kafe ya ce a'a. Johannes Brahms ya yi kimanin 200. Hugo Wolf a 1888 ya ɗora kari kan baitoci 53 na sha'iri Mörike.

Amma irin zaman da na tarar a Balin bai samu nan da nan ba. A da, in za a yi taron kiɗa na jama'a, gauraya ake yi: waƙa ɗaya ko biyu, a sa goge, a sa wani abu dabam, don kada mutane su ƙosa. Sai a 1856 wani mawaƙi, Julius Stockhausen, ya tsaya a Biyana ya rera jerin waƙoƙi 20 na Shubat kan 'yar mai injin niƙa, daga farko har ƙarshe, shekara 33 bayan an tsara su. Sannu a hankali wannan ya zama al'ada, har aka sami abin da suke kira Liederabend, watau daren waƙoƙi, da ladubbansa: ba lasifika, ba tafi a tsakiya, ko juya shafi sai a hankali.

A ƙarni na 20 wanda ya fi shahara a wannan fage shi ne Dietrich Fischer-Dieskau, wanda ya rayu daga 1925 zuwa 2012. An ɗauke shi soja yana matashi a Yaƙin Duniya na Biyu, aka kama shi fursuna a Italiya, ya riƙa rera wa 'yan uwansa fursunoni waƙa a sansani. Daga baya ya ɗauki ɗaruruwan waƙoƙin Shubat a faifai tare da wani Bature ɗan Ingila mai kaɗa fiyano, Gerald Moore. Ka ga mutanen da ƙasashensu suka gwabza yaƙi, ga su a kan dandamali ɗaya.

BAJAMUSHEN DA YA FASSARA MUƘAMA

Abin da ya fi ba ni mamaki cikin karatuna shi ne wannan. Waɗanda suka yi karatun zaure a cikinmu sun san Muƙamatul Hariri, littafin nan mai muƙama 50 na malamin Basra, wanda ke ba da labarin wayon Abu Zaidis Saruji, sun kuma san Imru'ul Ƙaisi a cikin Shu'ara. To, akwai wani sha'irin Jamus, Friedrich Rückert, mu ce Rukat, wanda ya rayu daga 1788 zuwa 1866, farfesa ne na harsunan Gabas a Erlangen, daga baya a Balin. Shi ya fassara mafi yawan Muƙama zuwa Jamusanci, kashin farko ya fito a 1826, ya kuma yi ƙoƙarin riƙe salon saja'in nan nata. Ya fassara waƙoƙin Imru'ul Ƙaisi da Hamasa, har da sassa na Alƙur'ani mai girma, waɗanda aka buga a 1888 bayan rasuwarsa. Shi ma Gote, bayan ya karanta waƙoƙin Hafizu na Farisa, ya wallafa nasa diwani a 1819.

Shi wannan Rukat yana cikin sha'iran da masu ɗora kari suka fi so. Shubat ya ɗauki baitocinsa, Shuman ya ɗauka. Da 'ya'yansa biyu suka rasu a jere a hunturun 1833 zuwa 1834, ya rubuta marsiyya fiye da 400, daga baya Gustav Mahler ya zaɓi biyar ya ɗora musu kari. Ashe littafin da ake buɗewa a zaurukan cikin birni bayan sallar asuba, da waƙar da ake rerawa a Balin da dare, sun taɓa haɗuwa a kan teburin mutum ɗaya.

BAƘAR FATA A WANNAN FAGE

Kada a ɗauka abin na fararen fata ne kaɗai. A 1924 wani Ba'amurke baƙar fata, Roland Hayes, ɗan waɗanda suka taɓa zama bayi a jihar Jojiya, ya je Balin zai rera waƙoƙin Jamusawa. Lokacin ana cikin ɗacin rai, domin Faransa ta girke sojojinta, ciki har da 'yan Afirka, a yankin kogin Rhine bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. Da ya fito sai aka shiga yi masa ihu da fito. Ya tsaya a jikin fiyano bai motsa ba har suka gaji. Sannan ya fara wata waƙa mai sanyi ta Shubat, a hankali ƙwarai. Baitocinta na wane ne? Na Rukat. Zauren ya yi tsit, da ya gama kuwa aka ɓarke da tafi. Bayansa Marian Anderson da Jessye Norman suka zama cikin manyan masu rera wannan waƙa a duniya.

A gida Nijeriya ma, Ayo Bankole da Akin Euba sun tsara waƙoƙin murya da fiyano da harshen Yarbanci, kuma ƙungiyar MUSON, wadda aka kafa a Legas a 1983, tana shirya irin wannan zama a cibiyarta da ke Onikan. Sun gamu da wata matsala da Jamusawa ba su da ita. Harsunanmu suna da karin sauti. In mai ɗora kari ya yi sakaci, sai kukan yaro ya koma kukar miya.

MU FA?

Dangantakar Kano da masu jin Jamusanci ba ta yau ba ce. Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya shigo birnin nan a 1851. Ɗan Hausa, watau Hanns Vischer, wanda ya buɗe makarantar Nasarawa a 1909, haifaffen Basel ne ta ƙasar Suwizalan. Muryar Jamus ta fara watsa shirye-shirye da Hausa a 1963. Cibiyar al'adu mai ɗauke da sunan Gote ta taɓa buɗe ƙaramin ofishi a Kano a 2008, daga baya aka rufe shi. Duk da haka wannan irin waƙa ba ta yi saiwa a nan ba, kuma ba ina kira a dasa ta ba ne. Su ma a can, da na duba zauren, furfura ta fi baƙin gashi yawa. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Abin da nake cewa shi ne, muna da namu. Rubutacciyar waƙar Hausa ai ba don a karanta ta da ido aka yi ta ba, don a rera ta ne. Malam Aliyu Namangi na Zariya, makaho, ya ɗauki karin kiɗan caji ya zuba masa wa'azi, aka sami Imfiraji, wadda makafi suka yawata da ita ƙofa-ƙofa. Alhaji Aƙilu Aliyu, wanda ya rasu a 1999, in ya rera waƙarsa ba ya bukatar ganga. Alhaji Mudi Sipikin da ƙungiyar Hikima sun riƙa rera nasu a gidan rediyon Kano. Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya zagaya duniya: murya ɗaya, abin kiɗa ɗaya, magana mai nauyi. Bambancin kawai shi ne, mu baiti muke rubutawa, kari kuwa a ƙirjin mutum yake zaune. In ƙirjin ya tafi, ya tafi da shi.

Yanzu bari in dawo kan Malam. 'Yan ajinmu za su tuna wata Laraba muna aji biyar, bayan an dawo daga tara. Malam ya ce yau ba zai rubuta komai a allo ba, zai rera mana waƙar da ke cikin manhaja yadda ya ji ta a bakin mai ita. Ya rufe ido ya fara. Bai kai baiti na uku ba wani daga baya ya shiga kaɗa tebur, wani ya yi guɗa, ajin ya kece da dariya. Ban ɓoye ba, ina cikin waɗanda suka fi kowa dariya, kuma ni na raɗa masa sunan nan da ya bi shi har muka fita. Malam bai zagi kowa ba, bai ɗauki bulala ba. Ya buɗe ido, ya dube mu, ya juya ya ɗauki alli ya ce, "To, ku rubuta." Daga ranar bai ƙara rera mana komai ba. Muka haddace ƙafiya da jigo da salo, muka ci jarrabawa, ba mu taɓa jin waƙar ba.

Da na dawo daga Jamus na ƙudura zan je in ba shi haƙuri, in roƙe shi ya rera mini. Yau aiki, gobe ɗaurin aure, jibi kulle na korona. Ina cikin wannan jan ƙafa sai ga sanarwar rasuwarsa. Da muka je gaisuwa, babban ɗansa ya fito mini da wani tsohon littafin rubutu, cike da waƙoƙin da Malam ya kwafa da waɗanda ya yi da kansa, da kyakkyawan rubutun nan nasa. Na ce masa, "Ɗan'uwa, ka iya karinsu?" Ya ce, "Wallahi Yaya, mukan dai ji Baba yana yi da daddare." Baitoci na nan, muryar babu.

KAMMALAWA

Shubat ya sami abokan makaranta da suka saya masa takarda, suka kwafe aikinsa, suka tara masa jama'a a ɗakunansu. Ba attajirai ba ne, ma'aikata ne masu jiran ƙarshen wata kamar mu. Saboda haka ina ba ƙungiya shawara uku.

Na farko, mu je wurin malamanmu da suka rage, na Hausa da na Larabci da duk wanda ke da waƙa a ka, mu ɗauki muryoyinsu. Wayar da ke aljihun kowannenmu ta isa. A rubuta sunan waƙa, da mai ita, da wurin wanda aka ji karin.

Na biyu, a taronmu na shekara-shekara a ware awa ɗaya bayan la'asar don sauraro kawai. Mutum ɗaya ya tsaya ya rera, a raba wa kowa baitocin a takarda. Ba liƙi, ba kirari, ba amsa waya. A gayyato ɗaliban aji biyar da aji shida su zauna a gaba.

Na uku, mu yi karo-karo a buga littafin Malam, da izinin iyalinsa, ko da kwafi 200 ne, a kai laburaren makaranta. Ni na ɗauki nauyin buga shi a kwamfuta, kuma ƙofata a Unguwar Gano a buɗe take ga duk wanda ya tuna ko da karin baiti ɗaya daga bakin Malam. Wataƙila abin da ya ɓace wa ɗaya yana nan wurin wani.

Malamanmu da ke karanta wannan, Allah ya gafarta muku, ku yafe mana ƙuruciya. Malam kuwa, Allah ya jiƙansa, ya sa Aljanna ce makomarsa, amin. Wassalam.

Unguwar Gano, Kano.